Fili ɗaya, ga 'yan ƙwallo ga masu biki ga sallar idi: yaya za a raba?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum. Filin unguwarmu tsawonsa mita 120 ne, faɗinsa 90. Matasa na son a kafa musu raga ta dindindin, iyaye mata na neman gefen da yara za su yi wasa da inda za a kafa rumfunan biki, dattawa kuma sun ce kada a taɓa musu wurin idi. Masana, ta ina za a fara?

Tsohon Alƙalin Wasa:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A fara da awo kafin a kira taro. Dokar ƙwallo ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90, don haka ba dole sai 105 da 68 irin na manyan filaye ba. Ku shata 100 da 64, ku bar mita 3 a kowane gefe saboda ɗan wasa ya samu inda zai ci birki. Ya zama 106 da 70 ke nan. Ku matsar da shi gefe guda, za a rage muku zirin mita 20 a tsawon filin gaba ɗaya. Nan ne wurin rumfa da lilon yara.

Kada dai a ajiye yara a bayan raga, can ne ƙwallo mai zafi take faɗawa. In babu makawa, a kafa shingen waya mai tsayin mita 4 ko 5. Idan fasalin filin ya ba da dama, ragogin su kalli kudu da arewa, don kada ranar la'asar ta kashe wa gola ido.

Injiniya Mai Ritaya:
Alƙalin wasa ya gama magana kan awo. Batun raga kuma, kada a binne turakun da siminti. A haƙa rami huɗu, zurfin kamar santimita 60, a dasa bututun ƙarfe a cikin kankare, bakinsa ya ɗan nutse ƙasa da doron fili, a yi masa murfi. Jajibirin salla sai a zare turakun a rufe, sahu ya miƙe ba cikas. Ragar da aka jingine kawai ba a kafe ba kuwa hatsari ce, yara na lilo da sandar sama ta rufto musu.

Abin da ke kashe fili ba takalmin 'yan ƙwallo ba ne, tayar mota ce. Motar kujeru ta shiga bayan ruwan Agusta, ƙasa ta daddale, ruwa ya daina nutsewa, shi ke nan an samu kududdufi har kaka. A kafa guntayen turaku a bakin shiga, tazarar mita ɗaya da rabi, keken guragu ya wuce, mota ta tsaya a titi.

Hajiya Uwar Ƙungiya:
Injiniya, a ƙara da masu rumfa. Ƙusoshin da suke bugawa su ke barin ramukan da ke gurɗe ƙafa, ga fasassun kwalabe da gawayin girki. A riƙa karɓar kuɗin ajiya kafin biki, ba a mayarwa sai an share an cike ramuka da yashi. Jadawalin ma a rubuta shi, mai unguwa da limami da shugaban matasa su sa hannu, a ware wa 'yan mata da 'yan firamare ranakunsu, domin in an bar shi a baki manyan samari ne ke cinye kowace yamma.

Tsohon Alƙalin Wasa:
Gaskiyarki, Hajiya. Sannan Malam Sakatare a duba takardar filin. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, in taswirar hukumar tsara birane ba ta nuna shi a matsayin filin jama'a ba, ana iya yanka shi fulotai kuna tsaka da gardamar raga. A Kano, ofishin KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar, za ku nufa da takardar koke mai sa hannun dagaci.