Yaya za a koya wa ɗalibai su ji wuri a jikinsu kafin su zana shi?

Malam Lawal: Assalamu alaikum. Ɗaliban tsara filaye da lambuna a nan Katsina sun iya zane daga sama: da'irori kore a matsayin itatuwa, ciyawa shimfiɗe. Amma in ka tambaye su inda mutum zai zauna da ƙarfe uku a watan Afrilu, sai shiru. Wane aikin fita kuke ba su?

Malama Binta: Wa alaikumus salam, Malam. A zaɓi hanya ɗaya gajera, misali daga Ƙofar Soro zuwa Hasumiyar Gobarau, su bi ta sau uku: bayan asuba, da azahar, da la'asar sakaliya. A tsayar da su a wurare shida. A kowanne su yi zane biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a zaune bisa dakali ko tabarma, domin idon mai tsaye yana kusan mita 1.6 daga ƙasa, na mai zaman tabarma bai kai mita ɗaya ba, kuma mutanenmu a zaune suke more wuri. Su rubuta abin da kunne da hanci suka kama, su ɗora tafin hannu a kan intalok, yashi da bangon ƙasa. A hana hoton waya a zagayen farko. Da sun ɗauka, sun daina kallo.

Injiniya Kabir: Gaskiya ne, Malama, sai dai inuwa lissafi take so. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita). A Disamba, itace mai mita 10 yana jefa inuwar kusan mita 7 zuwa arewa da tsakar rana. A ƙarshen Afrilu rana tana bisa ka, inuwar ta taru a gindi, a Yuni ma ta ɗan karkata kudu. Zafin da ke korar mutane na yamma ne, don haka benci ya zauna gabas da itace.

Nau'in itacen ma a nan ake tafka kuskure. Kuka tana da kyan gani amma tsirara take da rani, lokacin da ake neman inuwa. Gawo akasin haka yake, da damina yake zubar da ganye. Darbejiya da maɗaci sun fi riƙe ganye, amma saiwar darbejiya tana ɗaga intalok ta tsaga katanga in an matse ta. A ba ta aƙalla mita uku.

Malam Lawal: Madalla. To maki fa? Kyau ai ba ya aunuwa.

Malama Binta: Kada a ba kyau maki, a ba hujja. Wanda ya sa lalle kusa da wurin zama don ƙamshin furensa, ya nuna ta ina iska take zuwa. A maimaita fitar da hunturu, lokacin da ƙura take shafe nesa, launuka su koma toka-toka, iska ta taso daga arewa maso gabas. Zanen da ya yi kyau a Agusta kaɗai, a mayar wa mai shi ya gyara.