Wace miksa (na'urar haɗa sauti) za a saya wa sitidiyon gida a Legas?

Shawara ta tsaya kan abu ɗaya: a duba layin sauti nawa miksa ke turawa kwamfuta ta hanyar USB. Yamaha MG10XU layi 2 kawai take turawa. Ganga, kalangu da murya duk a cakuɗe za su shiga, ba dama a gyara murya ita kaɗai daga baya. Zoom L-12 da Tascam Model 12 kuwa kowane makirufo da layinsa, kuma suna naɗa a katin SD ba sai da kwamfuta ba.

Makirufon kondensa (irin wanda ake ɗaukar murya da shi a sitidiyo) yawanci sai da wutar 48V daga miksa. Kafin ka biya a kasuwar Alaba, gwada kowace kafar da ake jona makirufo a jikin miksar. Kada a jona miksar kai tsaye da janareta, a sa sitabilaiza.