Saura kwana uku mu mayar da motar haya, na rasa abin yi

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Yanzu haka muna Ullapool, arewa maso yammacin Sikotilan, daren Alhamis. Ƙarfe goma ta wuce amma gari bai gama duhu ba.

Tafiyar nan ni na ƙulla ta. Shekara biyu ina tara kuɗin aikin dare, don tun zuwanmu ƙasar nan ba mu taɓa fita hutu ba, daga wajen aiki sai makarantar yara. Da Hajiya, mahaifiyar maigida, ta samu biza ta zo daga Kano, na ce to ga dama ta samu. Muka ɗauki hayar mota mai ɗaki a Manchesta, mai gadaje da kicin da ɗan banɗaki, don mu zagaye hanyar North Coast 500, mil 516 daga Inverness a dawo Inverness. Tun farko maigida bai so ba, ya ce mu kama gida a wuri ɗaya. Ni na nace, saboda a mota zan dafa mana abinmu ba sai mun yi ta neman halal ba. Kuma wallahi Hajiya ta ji daɗi. A Dunnet Head iska na neman ɗauke mata mayafi, ta riƙe shi da hannu biyu ta ce a ɗauke ta hoto a tura wa ƙawayenta na Islamiyya. A Durness ta cire takalmi ta tsoma ƙafa a ruwan teku, sanyi ya ratsa ta, tana salati tana dariya. Daren nan ita ta tuƙa mana tuwo a kan ɗan murhun motar, da kukar da ta zo da ita. Rabon da in ga maigida ya ci abinci haka har na manta.

To jiya a hanyar Drumbeg, kafin Lochinver, madubin hagu ya fashe, gefen motar ya gogi katangar dutse kamar tsawon hannu. Kamfanin na riƙe da fam 1,500 namu na jingina. Litinin ƙarfe goma na safe za mu mayar. Maigida ya ce gobe mu wuce Inverness ya yi Juma'a, daga nan mu miƙe gida. Ni kuma ina so mu ƙarasa Gairloch da Applecross tunda saura ƙiris. Tun jiya ba ya min magana sai ta zama dole. Me kuke gani?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, shekara goma sha tara ina jan tirela a ƙasar nan, saurare ni da kyau. Ki cire Applecross daga ranki. Hanyar zuwa can, Bealach na Bà, tsauni ne mai tsawon mita 626, layi ɗaya, kwanoninsa a murɗe suke, kuma a gindinsa akwai allo da ya gargaɗi manyan motoci. Madubin hagu shi ne idonki a kan gefen titi, kin ce ya fashe. Daga inda kuke zuwa Manchesta ya haura mil 400, a irin wannan motar yini guda ne cur. A9 kuma, babbar hanyar da za ku bi daga Inverness ku yi kudu, kyamarorinta matsakaicin gudu suke lissafawa, babu zancen a taka a rage hanya. Mijinki ya yi gaskiya. Ki bi shi.

Ɗalibi a Glasgo:
Baba, ai ba dole sai ta tsaunin ba. Akwai hanyar bakin teku ta Shieldaig, ita ma siririya ce amma babu wannan hawan. Anti, abin da ya fi gaggawa shi ne ki ɗauki hotunan wurin ki kira kamfanin da safe. Yawancin takardun haya sun ce a sanar da su da wuri. Kun sayi ƙarin inshorar da ke rage abin da za a cire?

Uwargida a Leeds:
Kar ki kira kowa! Bara muka ɗauki mota, suka cire mana fam 400 a kan ƙarzanen da muka tarar a jikinta. Wata huɗu ina aika saƙo, har yau shiru. Ki nemi gareji a Inverness a sa madubi, a goge gefen. Ni ma dai abin da ya ba ni mamaki, ki tara kuɗinki da guminki ki kai uwar miji yawo, a ƙarshe ke ake yi wa fushi. Tawa wata uku ta yi a gidana, ko sannu ban samu ba, da ta koma ma cewa ta yi ba na ba ta nama.

Baba Direba:
Wane gareji ne zai samo madubin irin wannan motar ranar Juma'a ya sa kafin Litinin? Odarsa ake yi. Kuma in suka gano an taɓa fenti a ɓoye, abin ya fi muni. Ku daina ba ta shawarar da za ta jefa ta rami.

Anti Nas:
Ni Hajiya nake ji. Dattijuwa ta yi awa tara a zaune ba daidai ba ne, ƙafa na kumbura, jini na iya daskarewa a jijiya. Ko wace hanya kuka bi, ku raba ta kwana biyu, ku riƙa tsayawa tana tattakawa, ta sha ruwa. Sannan ƙanwata, ba ki faɗa mana ba, wa ke tuƙi lokacin da abin ya faru?

Maman 'Yan Biyu:
Ni ce, Anti. Amma ku fahimce ni. A nan isha'i da asuba kusan a haɗe suke, maigida bai yi barcin kirki ba, ga ƙananan ƙwarin nan masu cizo sun hana mu buɗe taga. Ina kallo idonsa na rufewa a kan sitiyari, da yara a baya. In bar shi ya kashe mu? Lasisina na nan ƙasar ne, shekara shida, motar kuma ba ta wuce kilo 3,500 ba. Hanyar layi ɗaya ce, wata mota ce ta taho ta ƙi komawa wurin kaucewa da aka ware a gefen titi, alhali yana bayanta kaɗan, na matsa mata. Sunana ne kawai ba ya cikin takardar, don sai an biya kuɗin direba na biyu. Ƙarin inshorar ma ba mu saya ba, kuɗin ya yi yawa.

Baba Direba:
Inna lillahi. To ai maganar ta canza. Wanda ba sunansa a takarda, inshora ba ta san da shi ba, a doka tuƙi ne babu inshora. Ba fam 1,500 kaɗai ake magana ba yanzu, suna iya ɗora muku kuɗin gyaran gaba ɗaya. In direba na jin barci tsayawa ake yi, ba musanya ba. Na sha kwana a gefen A9 saboda haka. Kada ki ƙara taɓa sitiyarin nan.

Uwargida a Leeds:
Sai ku ce shi ke tuƙi mana. Wa ya gani a wannan dajin?

Wani Ɗan'uwa a Bradford:
Haba Uwargida, ki ji tsoron Allah. Ƙarya ce, kuma zamba ce a dokar ƙasar. Ta yiwu ma abin da ke cin ran maigidan ke nan, shi zai tsaya gabansu ranar Litinin a tambaye shi. 'Yar'uwa, kin zauna kun yi wannan maganar da shi?

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban ce zan yi ƙarya ba, kuma ba wannan na tambaya ba. Baba, babu wurin tsayawa a hanyar, wuraren kaucewa ba a fakin a cikinsu, kai ma ka sani. Kuɗin nan ko mun koma gobe ko Lahadi an riga an yi asararsa. Hajiya da bakinta ta ce tana son ganin sauran, kuma ban san ko za ta sake samun biza ba. Shekara biyu fa na yi ina tarawa.

Baba Direba:
Hajiya kara take yi miki. Inverness gobe, awa ɗaya da rabi ne ta A835. Ku kwana Perth, Asabar ku shiga gida. Na gama magana.

Ɗalibi a Glasgo:
Anti, ko dai a raba? Ku je Juma'a, in an samu ko madubin wucin gadi ku leƙa Gairloch ranar Asabar. Amma dai kin yanke za ki kira su?

Maman 'Yan Biyu:
Gairloch ta nan ta fi kusa, in muka je Inverness ba zai yarda ya dawo ba. Yanzu kuma tukunyar gas ta ƙare, Hajiya na jin sanyi, bari in nemo mata bargo. Akwai wanda ya san inda ake canza tukunya a Ullapool da sassafe?