Miliyan 9 a hannu: in sayi gidan Danbare ko in ci gaba da haya?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnatin tarayya a nan Kano, ina da mata ɗaya da yara uku. Muna haya a Janbulo, ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya, rijiya a tsakar gida. Bara naira dubu 450 na biya. Bana mai gida ya aiko yaronsa da takarda, wai dubu 700, in ba zan iya ba in ba shi gidansa bayan babbar salla.

To, an raba mana gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, an sayar da gona an ba kowa nasa. Da na haɗa da abin da na kwasa a adashi, miliyan 9 ke hannuna. Wani dillali ya kai ni can cikin Danbare, bayan an wuce sabuwar jami'ar Bayero, ya nuna mini gida a rabin fuloti: ɗaki uku, an yi rufi da kwano, an sa ƙofar waje, amma ba fulasta, ba daɓe, ba wayar wuta, masai ma rami kawai aka haƙa. Miliyan 13 aka sa masa, ban da la'ada. Awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka filin ba, takardar mai unguwa ce kawai da ta cinikin farko. Cikon miliyan 4 sai dai in sayar da motata in kuma ci bashi wajen yayana.

Maman Ummi ta ce mu saya ko a tabarma za mu kwana. Ni kuma gabana yana faɗuwa. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, saya. Ban ce lalle wannan gidan ba, amma kada kuɗin nan su kai damina a asusunka. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba; cikin 2024 ta haura 1,500. Buhun siminti ya wuce dubu 10 a farkon shekarar. Wanda ya ajiye miliyan 9 a banki a lokacin yana jiran abubuwa su lafa, yau rabin abin da za su yi masa ma ba za su yi ba. Kuma kuɗin gado ba sa zama. Gobe ƙanwarka za ta yi aure, jibi wani zai kwanta asibiti, kowa kuma ya san an raba, ba za ka iya cewa babu ba. Bulo ne kaɗai ba a zuwa aronsa.

Haya kuwa, duk shekara kana gina wa wani ne. Mu da muka yi aure a ɗakin haya mun san zafin a aiko maka yaro da takarda.

Maman Hanan:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce, amma akwai lissafin da maza ba sa yi sai an tare.

Mu daga Gandun Albasa muka koma namu gidan a wajen Langel. Kuɗin hayar da muka huta da shi, wallahi kusan duk a hanya yake ƙarewa. Baban yara adaidaita sahu biyu yake hawa kafin ya isa wajen aiki, da damina kuwa sai ya taka har bakin titi don masu adaidaita ba sa shigowa layinmu saboda taɓo. Ruwa sai 'yan garuwa, kura guda ba ta kai mu kwana biyu in akwai wanki. Wuta an kafa turaku amma taransifoma sai da muka yi karo-karo. Yara kuma muka cire su daga makarantarsu muka sa su wata da ba ta kai ta ba, don ba mai kai su cikin gari kullum.

Baban Ummi, kai da kake aikin dare, ka ce kuma motar za ka sayar? Ka tashi daga aiki tara na dare, wa zai kai ka cikin Danbare? Ka zauna da biro ka rubuta: fulasta, daɓe, tagogi, wayar wuta, masai, ko da rijiya ce. Gidan miliyan 13 da ba a gama ba, ba miliyan 13 ba ne kuɗinsa. Kuma a daidai lokacin kana biyan yayanka. Ban ce kar ku mallaki gida ba, ni ma ba zan koma haya ba. Amma ka kai Maman Ummi ta gani da idonta ranar da aka yi ruwan sama, sannan ta sake faɗin maganar tabarmar.

Mai Awo:

Ni aikin awon filaye nake yi, bari in tsaya a kan takarda kawai.

Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gabansu, ba ta hana gwamnati cewa nan hanya za ta bi ko makaranta za a gina. Unguwanni da yawa a Kano a kan awon igiya suke zaune, mutane kuma suna cikin gidajensu lafiya, don haka ba na tsorata ka. Sai dai kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ɗauki mai awo naka, ba na dillali ba, ya ɗauko lambobin da ke nuna wurin a taswira, a duba a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, da KNUPDA, hukumar tsara birane, ko yana cikin wani shiri na gwamnati, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko kan hanyar ruwa. Ka tuna rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023: shagunan filin Idi da ginin wurin tsohon otal ɗin Daula, masu su da takardun gwamnatin da ta gabata a hannu, amma katafila ta bi ta kai. Ina ga mai takardar mai unguwa?

Abu na biyu, wanda ya fi kai mutane kotu: ka tambaya gonar wa aka yanka. In ta gado ce, duk magada sun sa hannu, har matan? Yawanci rigima daga 'yar'uwar da ke aure a wani gari take fitowa, bayan shekara biyar. Sannan ka tambayi maƙwabta me ya sa mai shi ya tsaya a rufi zai sayar. Wani matsi ne kawai, wani kuwa ya ji wani abu ne.

Abu Sumayya:

Tunda albashin tarayya kake ɗauka, duba takardar albashinka, akwai yiwuwar ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya yana ba masu zubi rance a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta yarda mutum ya ciri har kashi 25 na abin da ya tara a asusun fanshonsa don biyan kason farko na irin wannan rance. Amma duk ba za su kalli gidan da ba shi da shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ga kuma maganar riba, kashi 6 ɗin ma ruwa ne, ni dai ban shiga ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ sukan sayi gidan su sayar maka da ribarsu ko su ba ka haya har ka mallaka, sai dai abin da za a riƙa cira duk wata yana da nauyi ga mai albashi, su ma kuma takarda suke fara tambaya.

Da ni ne, fili zan saya mai awon gwamnati da wani kaso na kuɗin, in zuba harsashi in kai linta da sauran, motata tana hannuna, ba bashin kowa.

Tsohon Ɗan Kwari:

Abu Sumayya, ka zaga bayan gari ka ƙirga kangayen da suka tsaya a linta, ciyawa ta cinye su, masu su har yau suna haya. Wanda ya tare a gidan da ba fulasta, kunya ce ke sa shi ya gama.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar kuɗin gado ta shige ni, don tuni an fara kira. Mai Awo, dillalin ya ce gonar gado ce amma "babban wansu ya sa hannu a madadin kowa", kuma yana matsa mini wai akwai wani Alhaji da zai biya ranar Litinin. Na ce masa sai na ga sauran magadan. Jiya na samu mai gidanmu da kaina bayan la'asar, ba ta hannun yaro ba, ya sauko zuwa dubu 600, ya kuma yarda in biya kashi biyu.

Mai Awo, nawa ake kashewa a ɗauko lambobin nan a duba? Kuma in wurin ya fita lafiya, awon igiya yana iya samun shaidar mallaka daga baya, ko sai dai a zauna haka?