Abin da dangi suka ce kan neman asalinmu a Ayalan

'Yan uwa, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda a fara da tsofaffi. A tambayi ƙauyen da kakanni suka baro, sunan zuriya kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.
2. Ƙidayar jama'ar Ayalan ta 1901 da 1911 kyauta ce a intanet. Ta 1821 zuwa 1851 kuwa, gobarar 1922 a Dublin, babban birnin ƙasar, ta cinye galibinta, sai a koma littattafan baftisma na coci.
3. Waɗanda yunwar dankali ta 1845 (yunwar da lalacewar dankalin turawa ta jawo) ta kora sun fi wuyar bibiya, don rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1864 ta fara.
4. Gwajin DNA ya raba kawuna: matasa na so, manya na gudun tonon asiri. Ni dai ina bayan manya.