Neman shawara: shin garin amino asid yana ƙara tsoka da gaske?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 24, nauyina kilo 70, kuma wata bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako a wani wurin motsa jiki da ke unguwarmu a Kano. A watannin farko ƙwanjina ya ɗan fito, amma yanzu abin ya tsaya cak. Wani da muke atisaye tare ya nuna mini robar wani gari mai ɗanɗanon lemo da aka rubuta BCAA a jikinta, yana damawa a gora yana kurɓa duk lokacin da ya ajiye ƙarfe, ya ce shi ne sirrin faɗin ƙirjinsa. Da na tambayi kuɗinta a shago, sai na ga za ta cinye kusan rabin abin da nake samu a wata a sana'ata ta ɗinki. Abincina koko da ƙosai da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare, nama kuwa sai jefi-jefi. Don Allah masu sani su ba ni shawara kafin in saya.

Amsa daga wata jami'ar kula da abinci mai gina jiki:

Wa alaikumus salam ƙanena. Furotin da ke gina tsoka an haɗa shi ne da amino asid iri 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole sai ta hanyar abinci. Wannan BCAA guda uku ne kawai daga cikin taran, wato lusin, aisolusin da balin. Gaskiya ne lusin yana tayar da aikin gina tsoka, amma idan sauran shidan ba su wadata a jini ba, aikin ba zai yi nisa ba, tamkar a tara magina a ba su umarnin fara gini alhali bulon bai iso ba. Shi ya sa mutumin da ke cin isasshen furotin ba ya samun wani ƙarin a zo a gani daga wannan garin.

Abin da ya fi damuna shi ne abincin da ka lissafa. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har zuwa kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. A nauyinka, wannan ya kai giram 112, kuma ina shakkar ko kana kaiwa kusa da haka. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofi ɗaya na dafaffen wake kimanin giram 15. Ka ƙara ƙwai uku a karin kumallonka, ka mayar da shinkafar rana ta zama shinkafa da wake, domin abin da hatsi ya gaza a kai wake yana cikewa, sannan ka riƙa haɗawa da awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Ka rarraba su a cikin yini, kada ka tara su a ci ɗaya.

Amsa daga wani daɗaɗɗen mai ɗaga ƙarfe a Zariya:

Ɗan uwa, ni na sha wannan garin roba uku a jere kuma ban ga bambanci ba sai ƙarewar kuɗi. Tsayawar da ka gani bayan wata shida ko bakwai kusan kowa yana cin karo da ita. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga da yawan ɗagawar, duk bayan mako ɗaya ko biyu ka ƙara kaɗan, kuma ka riƙa barcin awa bakwai zuwa takwas. Na san maɗinka da kwana a kan keke idan salla ta gabato, kuma a irin wannan lokaci babu garin da zai maye gurbin barci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To, idan na gyara abincin, akwai wani irin garin da ya cancanci a saya?

Amsa daga wani mai haɗa magunguna:

Malam, wanda bincike ya fi tsaya wa shi ne kiriyatin, wani gari da ke taimaka wa tsoka samun ƙarfi wajen ɗaga ƙarfe, giram 3 zuwa 5 a rana, kuma yawanci ya fi BCAA araha. Garin furotin na madara ma yana da amfani ga wanda ya kasa cike adadinsa da abinci, domin yana ɗauke da duka taran. Sai dai ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka guji wanda ake aunawa a leda ba tare da suna ba, saboda an sha samun irin waɗannan kayan da aka gauraya da sinadaran sitiroyid, wato magungunan kumbura tsoka, masu illa ga hanta da zuciya. Idan kana da ciwon ƙoda, hawan jini ko ciwon suga, ka ga likita a auna ka kafin ka fara shan ko ɗaya daga cikinsu.