"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne": har yaushe ake durƙuson?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum jama'a. Gardama ta kaure a majalisarmu ta hira kan biyan kuɗin fansa, wani dattijo ya yanke ta da wannan karin magana, ya ce ai Amurka ma ta durƙusa wa sarakunan gaɓar Arewacin Afirka tana jaririya. Masana, maganar ta zauna a nan?

Malam Mai Tarihi: Wa alaikumus salam. Dattijo ya yi gaskiya. Kafin samun 'yanci jiragen ruwan Amurkawa a inuwar Ingila suke yawo. Da suka ɓalle, inuwa ta janye. A 1785 mutanen Aljiyas suka kama jirage biyu, Maria da Dauphin, da mutum 21. Sarkin ya nemi kusan dala 60,000. Majalisar Amurka a lokacin ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi, jirgin yaƙi ko ɗaya babu. Yawancin waɗanda suka rayu sai 1796 aka sako su. Yarjejeniyar sulhu da Aljiyas ta 1795 ta ci dala 642,500, ban da kayan jirgi na dala 21,600 duk shekara: katako, igiya, albarushi.

Bakatsine: To Malam, wane ne wadan a nan? Ni a ganina karin maganar na mai ƙarfi ne da ya zaɓi ya sunkuya. Wanda ba shi da ko kwalekwale bai durƙusa ba, kayar da shi aka yi.

Malam Mai Tarihi: Nan ne fa John Adams da Thomas Jefferson suka saɓa tun 1786, ɗaya yana jakada a Landan, ɗaya a Paris. Adams ya lissafa ya ce biya ya fi yaƙi arha. Jefferson ya ce wanda ka biya yau zai ƙara farashi gobe, a gina jirage.

Hajiya Uwar Gida: Ku tsaya in kawo muku ta kakata, Allah ya ji ƙanta. Takan ba da labarin fataken goro masu zuwa Gwanja. Ta ce madugu ba ya barin gida sai ya ware kayan gaisuwa dabam da kayan sayarwa: kanwa, tufafi, jan fata. Kowane gari da abin da ake ajiye wa sarkinsa, kowane kogi da kuɗin fito. Jagaba ya riga ayari isa, ya ji yadda gari yake, ya dawo da labari. Ta ce madugun kirki yakan biya da fara'a, amma abu biyu ba ya yi: ba ya kwance kaya a gaban mai karɓa, kuma ba ya tafiya ba 'yan baka a bayan ayari. Wani madugu, in ji ta, ya yi alkawarin gaisuwa sai a dawowa, ya dawo hannu bai cika ba, aka riƙe masa jakuna har damina ta same shi a hanya. Ita a wurinta durƙuso ba abin kunya ba ne, jinkirin cika alkawari ne ke mai da shi bauta.

Malam Mai Tarihi: Allah ya gafarta wa Iya, kamar tana wurin. Kuɗin 1795 bai iso da wuri ba, don yaƙin Turai ya sa zinariya ta yi wuyar samu. Sarkin Aljiyas ya fusata, sai da jakada Joel Barlow ya ƙara masa da jirgin yaƙi sabo fil mai igwa 36. A 1800 kuma aka tilasta wa kyaftin Bainbridge ya ɗauki kyaututtukan sarkin zuwa Santambul a jirgin yaƙin Amurka, da tutar Aljiyas a sama.

Na Maraɗi: Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma nan wanda ya biya ladan ne ya yi askin.

Bakatsine: Su dai an san adadin abin da suka biya, majalisa ta gani a rubuce. Namu masu manyan riguna a yi sulhu da dare, da safe a ce ko kwabo ba a bayar ba, bayan wata guda a sake kwashe ƙauye.

Ɗan Zazzau: Don Allah a bar siyasa, kada a rufe mana zaure.

Injiniya: Abin da ba a faɗa ba shi ne suna durƙushe suna sassaƙa. Dokar 1794 ta ba da izinin gina manyan jirage shida, bayan an kama musu jirage 11 a 1793. Uku suka shiga ruwa a 1797. Da Yusuf Karamanli, sarkin Tarabulus ta Libiya, ya sare sandar tutar ofishin jakadancinsu a Mayun 1801, alamar shelar yaƙi, akwai jiragen turawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam Mai Tarihi: Amma kada a ɗauka tashin ya zo da sauƙi. A Oktoban 1803 jirgin yaƙinsu Philadelphia ya maƙale a kan dutse a bakin Tarabulus, aka kama mutum fiye da 300. Ko sulhun 1805 sai da aka biya dala 60,000 kafin a sako su. Harajin Aljiyas kuwa sai 1815 ya ƙare.

Hajiya Uwar Gida: Maroko fa? Na ji ita ba a yi wannan da ita ba.

Malam Mai Tarihi: Sarki Muhammadu na Uku ya buɗe musu tashoshinsa tun 1777. Da suka yi ta jan ƙafa ya kama jirginsu ɗaya a 1784, ya sake shi, aka ƙulla yarjejeniya a 1786 ba harajin shekara.

Na Maraɗi: A wajenmu fa akan ƙara da cewa in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Ku a Kano kuna faɗin wannan, ko mu kaɗai ne?